Yadda ake tsare tsohon katako a gidan tarihi

Duk kafintan da ke Limawa a Minna ya san ƙofar katako kan kumbura a watan Agusta har ta ƙi rufuwa, hunturu na kamawa kuma ta motse ta tsattsage. Wannan kumburi da motsewar su suka fi tsufa lalata manyan kayan tarihi na itace.

Ɗauki kwalekwalen Dufuna na jihar Yobe. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya ya ci karo da shi. Tsawonsa mita 8.4, ya kuma shekara wajen 8,000 a binne. Laimar ƙasa ce ta riƙe shi har aka tono shi a 1994.

Da an fito da irinsa, abu na farko shi ne a hana shi bushewa. Naman itacen ya riga ya zagwanye, ruwa ne ke tokare da shi ta ciki. In ruwan ya fita da gaggawa, sai ya lanƙwashe ya dare, kuma babu gyara. Saboda haka a cikin ruwa ake ajiye shi.

Daga nan sai a riƙa shayar da shi wani sinadari mai kama da kaki, PEG, wanda ke maye gurbin ruwan a hankali. Aikin na masu haƙuri ne. Jirgin Vasa na Suwidin, da aka tsamo daga teku a 1961, shekara 17 ana fesa masa.

Bayan ya bushe sannu a hankali, saura ɗakin da zai zauna, kuma a nan ne nake ganin an fi sakaci. A gidan tarihin Vasa ana tsayar da laimar iska a wajen kashi 53 cikin 100, zafi kuma digiri 18 zuwa 20, dare da rana. Laima in ta yi yawa, fumfuna da ƙwari su samu wuri. In ta yi kaɗan, katako ya tsage. Na'urar sanyaya ɗaki da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, ɓarnarta ta fi amfaninta, domin hawa da saukar laima da zafi take jawowa.

A ƙasarmu gara a fara da gini mai kaurin bango, a toshe kafofin ƙurar hunturu, a ɗaga katakon daga ƙasa saboda gara, a kuma sa ma'aikaci ya riƙa rubuta awon laima safe da yamma.