Darasi na 18: Haihuwa Bayan An Yi Aiki

Akwai wata mata a wani ƙauye kusa da dajin Ɗansoshiya. Shekara uku da suka wuce ta yi doguwar naƙuda, gama yaro ya zo a gicciye. Aka kai ta asibiti, likita ya yi mata aiki, ya ciro yaron da rai. Yanzu ga ta da wani cikin, wata biyar.

Uwar mijinta ta ce, "Wannan karo a ɗaki za ki haihu, yadda muka yi. In kin koma asibiti, sake yanka ki za su yi." Kishiyarta kuwa ta ce, "Ai wadda aka yi wa aiki sau ɗaya ba ta ƙara haihuwa da kanta." Maigida ya rasa maganar wa zai bi. Ran awo ya yi mata rakiya, ya tambayi malamar asibiti.

Malamar ta ce, "Malam, duka biyu ba su faɗi daidai ba. Zauna ka ji."

Ga abin da ta gaya masa.

Idan an yi wa mace aiki, tabo biyu ke gare ta. Ɗaya yana bisa fatar ciki, ana ganinsa. Ɗaya yana jikin mahaifa, ba a ganinsa. Mahaifar kamar ƙwarya ce da aka ɗinke. Tana ɗaukar kaya, amma ba a matsa mata.

A shekarar 1916 wani likita a Amurka ya ce wadda aka yi wa aiki sau ɗaya, kullum sai an yi mata. A zamanin nan a tsaye akan tsaga mahaifa, tabon kuwa ba ya da ƙarfi. Yanzu galibi a kwance ake tsagawa, daga ƙasa, tabon ya fi ƙwari. Saboda haka mace tana da hanya biyu.

Hanya ta fari, ta gwada haihuwa da kanta a asibiti. Cikin mata 10 da suka gwada, wajen 7 sukan haihu lafiya ba aiki. Ta fi saurin warkewa, ta koma hidimar gidanta. Wadda ta taɓa haihuwa da kanta ta fi samun sa'a. Amma akwai haɗari. Cikin mata 200, wajen 1 tabonta yakan yage a lokacin naƙuda. In ya yage, jini yana zuba a cikin ciki, ba a gani. In ba a yi aiki nan da nan ba, ana iya rasa ɗa da uwa.

Hanya ta biyu, a sa rana a sake yin aiki kafin naƙuda ta tashi, wajen mako na 39. Wannan yana rage tsoron yagewa ƙwarai. Amma jinya ta fi tsawo. Kuma duk aikin da aka ƙara, haɗarin cikin gaba yana ƙaruwa, domin mabiyiya tana iya mannewa a kan tabo. Mai son 'ya'ya da yawa ya lura da wannan.

Likita yakan ce a sake aiki idan an tsaga mahaifa a tsaye, ko ta taɓa yagewa, ko mabiyiya ta tare hanya, ko yaro ya gicciye. Haka kuma sau da yawa idan an riga an yi aiki sau biyu. Idan tsakanin aiki da haihuwa ta gaba bai kai wata 18 ba, haɗarin yagewa ya fi yawa.

Maigida ya ce, "To, Malama, wace za mu ɗauka?"

Ta ce, "Ku da likita za ku zaɓa, bayan ya duba katinta na wancan aiki, an ɗauki hoton ciki. Amma ko wace kuka ɗauka, ba a ɗaki ba."

Jama'a, wannan shi ne kan darasinmu. Mace mai tabo ba ta naƙuda a gida. Sai a asibitin da ke da likitan aiki da jinin ƙari, dare da rana. Kada a ba ta jiƙon naƙuda. Kada wani ya yi mata allurar naƙuda a gida. Kada a danna mata ciki.

Ƙasarmu tana da nisa. Mutumin Doguwa sai ya ratsa dajin Falgore kafin ya kai Kano. Da damina hanyoyin ƙauyukan Kiru da Bebeji da Tudun Wada sukan ɓaci. Don haka a yi shiri tun da wuri. A tambayi wurin awo asibitin da ya dace. A yi magana da mai mota. A nemi 'yan'uwa biyu masu ba da jini. A tanadi kuɗi tun da kaka. A watan Nuwamba na 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar yin aikin haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. A tambaya ko asibitin yana cikin shirin. In wata ya kama, gara ta koma gidan dangi kusa da asibiti.

Maigida ya koma gida, ya durƙusa gaban tsohuwarsa, ya ce, "Inna, ba lalle a yanka ta ba. Amma a can za ta haihu." Tsohuwa ta yi shiru, kana ta ce, "To, ni zan raka ta."

Tambayoyi

1. Tabo nawa ne ga wadda aka yi wa aiki?
2. Faɗi hanya biyu da take da su.
3. Don me ba za ta yi naƙuda a gida ba?
4. Wane shiri maigida zai yi?

Rubuta wannan sau uku: A ajiye katin asibiti, kada ya ɓata.