Fanelbita ya rufe tsatsa da fenti

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya ce ya kai Peugeot 504 ta mahaifinsa, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, a gyara mata tsatsa. Damina ɗaya, fenti ya kumburo a ƙasan ƙofofi, mai garejin kuma ya ce ba ruwansa.

To Malam, kumburin nan yakan nuna an shafe ruɓaɓɓen ƙarfe ne da bodi fila aka fesa fenti. Aikin ƙwarai shi ne a yanke inda tsatsa ta ci, a yi waldar sabon ƙarfe, a shafa maganin tsatsa kafin fenti. Ka ɗauki maganaɗisu ka bi wurin da shi. Inda ya ƙi kamawa, fila ce jibge. Ka ɗauki hotuna, ka nemi wani fanelbita ya duba ya faɗi kuɗin sake aikin. Amma kada ka bari ya taɓa motar tukuna, don shaidarka ke nan.

Sannan ka koma wa mai garejin cikin lalama, ba a gaban yaransa ba. Sai dai a duba: me kuka yi yarjejeniya a kai? In kuɗin fila ka biya don araha, hujjarka ta yi rauni. In yanka da walda ya yi alkawari, ka tattara rasit, shaidar tura kuɗi da saƙonnin WhatsApp, ka kai wa shugaban ƙungiyar kanikawa ta NATA na yankin. Sukan sa a sake aikin ko a mayar da wani kaso. In mai garejin ya ƙi, sai kotu.