Darasin Kasuwanci: Idan Tsohuwar Kwamfuta Ta Ƙi Tashi

Ga ɗan kasuwar Potiskum da ke ajiye lissafin bashin shanu ko na hatsi a kwamfuta, ranar da Windows ta ƙi buɗewa lissafin ne ke cikin haɗari, kuma ya fi na'urar daraja.

Da farko a duba alamun. Idan kwanan wata ya koma baya, ƙaramin batirin CR2032 da ke ciki ne ya mutu, sai a sake shi. Idan tana ƙara amma allo ya yi duhu, a cire RAM, a goge ƙurar hunturu, a mayar. Idan kuwa faifan ajiya yana ƙas-ƙas, a kashe ta nan take.

Kada a yarda mai gyara ya sake ɗora Windows kafin ya cire faifan ya kwafe bayanai zuwa wata kwamfutar, domin sake ɗorawa kan shafe lissafi.

Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020. Saboda haka mai irin wannan na'ura ya ceto lissafinsa, sannan ya yi tanadin sabuwa.