KASKA

Hausawa suna yi wa kaska kirari, su ce, "Kaska, raɓi mai jini." Wannan kirari ya dace da ita, gama ba ta da wani abinci sai jini.

Kaska 'yar uwar gizo-gizo ce da kunama. Ƙafafunta takwas ne, amma sa'ad da aka ƙyanƙyashe ta shida ne kawai. Ba ta da fuka-fuki, kuma ba ta tsalle. Idan tana jin yunwa, sai ta hau kan ciyawa ta jira. Da dabba ko mutum ya gitta, sai ta maƙale masa, ta kafa baki cikin fata, ta yi kwanaki tana tsotsa. Macen takan kumbura har ta yi kamar ƙwayar gyaɗa, sa'an nan ta faɗo ƙasa ta yi ƙwai dubbai.

Kaska iri iri ce. Akwai ta kare, mai launin ƙasa-ƙasa, wadda takan zauna cikin kunnuwansa da tsakanin yatsunsa, ta kuma ɓuya a tsagar bango. Akwai mai ado a baya, wadda ta fi son hantsar saniya da ƙarƙashin wutsiya. Akwai kuma mai zobe-zobe fari a ƙafafu.

Jinin da take sha ba shi ne babbar ɓarnarta ba. Babbar ɓarnar ita ce ƙwayoyin cuta da ke cikin miyaunta. Idan ta sa wa kare su, sai ya yi zazzaɓi, ya ƙi abinci, dasashinsa ya yi fari. Shanu sukan yi fitsarin jini, kuma inda mai ado ta yi yawa, kirci yakan tsananta a garke.

Mutum ma bai tsira ba. Cizon mai ado yakan kawo zazzaɓi da ciwon kai, wurin cizon ya yi baƙin tabo. Mai zobe a ƙafa kuwa takan ɗauko wani mugun zazzaɓi mai sa zubar jini, wanda aka gano a Kirimiya cikin 1944, aka sake ganinsa a Kwango cikin 1956.

To, yara, idan kun ga kaska a jikinku ko jikin dabbarku, kada ku fizge ta, domin bakinta zai karye a ciki. Kada ku ƙona ta tana manne, kada kuma ku murtsuke ta da yatsa. Ku kira babba ya kama ta da matsefata dab da fata, ya ja a hankali har ta fito. Daga nan a wanke wurin da ruwa da sabulu. In zazzaɓi ya biyo baya, a tafi asibiti, a gaya wa likita cewa kaska ce ta yi cizo. Dabba kuwa a kai ta wurin likitan dabbobi.

Duk wanda ya dawo daga kiwo ko yankan ciyawa, ya duba jikinsa kafin ya kwanta. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Ƙafafun kaska nawa ne?
2. Yaya za ka gane kaskar kare?
3. Don me ba a fizge kaska da ƙarfi?