In Baki Ya Karkace, Kada A Jira Wayewar Gari

Jama'ar Geza, ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya. Jini ne ke kai mata iskar oksijin da sukari a kowane lokaci. Da zarar jijiyar da ke kai mata jini ta toshe ko ta fashe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kan fara mutuwa cikin 'yan mintoci, waɗanda suka mutu kuwa ba sa dawowa. Wannan shi ne shanyewar ɓarin jiki.

In kun ga bakin dattijo ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ba aikin aljanu ba ne. Don Allah kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota zuwa asibitin Bagudo, a gaya wa likita lokacin da abin ya fara.

Masu hawan jini kuma, don kauce wa wannan ciwo, a riƙa awo, a rage gishiri da magi.