Amsoshin Tambayoyinku: Ina Za a Tuƙa Keke a Kewayen Sakkwato?

Wani mai sauraronmu daga unguwar Mabera, cikin birnin Sakkwato, yana tambaya: wace hanyar karkara ce ta fi daɗin yawo da keke?

To Malam, Sakkwato a kan tudu take, fadamar Gulbin Rima na shimfiɗe ƙarƙashinta, shi ya sa kusan duk inda ka nufa sai ka sha hawa da gangara. Mu dai hanyar Bodinga muka fi so maka. Ka wuce filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, gonakin gero dama da hagu, har ka ratse zuwa Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. In gajeren zango kake so, ga hanyar Wamakko, ta gefen fadamun albasa da shinkafa.

Ka fita bayan asuba, musamman da hunturu, domin a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Riƙe gorar ruwa da kayan faci.

Hanyar Wurno da Goronyo kuwa, don Allah ka dakata da ita sai tsaro ya inganta.