In Je Aiki Da Ciwo Ko In Nemi Izini?

Tambaya: Ma'aikaciyar jinya ce ni a Sabuwa. Na kwana da zazzaɓi da gudawa, ga ƙarancin ma'aikata. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, ki nemi izini. Ƙwayoyin gudawa ta hannu suke yaɗuwa, kuma abin da za ki warke daga gare shi cikin kwana biyu yana iya hallaka jariri a ɗakin haihuwa. Za ki ce abokan aiki za su wahala. Gaskiya ne, amma hannun da zazzaɓi ke kaɗawa yana iya kuskuren awon allura, kuma wannan ya fi giɓin 'yan kwanaki muni. Ki sanar da shugabar sashenku da sassafe, a gwada jininki, ki karɓi takardar likita. Kada ki koma sai gudawar ta cika awa 48 da tsayawa. Allah ya ƙara sauƙi.